Mai Ɗaukar Rabin Ƙarshe

A masaƙar da na yi aiki a Sharada, littafin labari ba ya daɗewa a haɗe. Da an kawo sabo sai a tsaga shi biyu, mutum biyu su karanta, sannan su yi musaya.

Abokin rabona wani dattijo ne mutumin Damagaram, injinsa na kusa da nawa. Kullum rabin ƙarshe yake ɗauka. In na soyayya ne ban damu ba, ai kowa ya san aure za a yi. Na aljanu kuwa, ko ta ina ka fara, takobi ne da tsafi. Amma na binciken kisan kai, wanda na fi ƙauna? Ina tsaka da zargin direban mamacin, sai ya leƙo lokacin hutun azahar, ya ce, "Ƙyale direban nan, bawan Allah ne."

Na ce, "Haba Baba, kun kashe mini labari!"

Ya ce shi abinci ba ya wuce masa alhali ana zargin marar laifi.

Allah ya jiƙansa. Har yau in na fara zargin wani, a littafi ko a unguwa, sai in ji kamar zai leƙo.