Tsakiyar Bayana, Inda Hannuna Ba Ya Kaiwa

Jama'a, sannunku. Masu tambayata me ya sami kumatuna da wuyana a hotuna, yau zan faɗa. Shekara da shekaru ina ce muku ƙuna ce, in wuce. Ƙunar ce kuwa, amma ba ta wuta ba.

Sunana Rifkatu. Na zo New York daga Wusasa a farkon shekarun casa'in, ni kaɗai, na kama ɗaki a Stapleton. Aikin da na samu a wani ɗakin gwaji ne, inda kamfanonin kayan kwalliya ke aiko da mayukansu a gwada a jikin zomaye kafin a sayar wa mutane. A aske wa zomo gadon baya, a shafa mai, a manne da filasta. Ni ce mai wanke keji, kuma kowace safiya ni nake ɗauko su in riƙe, a duba ko fatar ta yi ja.

Ban so aikin ba. Amma kusan zomayen nan kaɗai nake yi wa Hausa a garin.

Da Kirsimeti aka raba mana ragowar kayan wani kamfanin Japan. Na samu 'yar kwalba mai kyau, rubutun jikinta duk da yarensu. Lokacin sanyi ya farfasa mini fata. Sai na yi abin da kowace mace a gidanmu take yi in ta samu mai mai tsada: na juye shi cikin man kaɗanyata na cakuɗa don ya yi auki. In yi wanka, in mulke jikina da shi, in saka kaya in fita.

Ashe ba man shafawa ba ne. Na saɓe fata ne, a ɗan shafa a fuska a wanke nan take.

Da farko ƙaiƙayi. Na ce sanyi ne, na ƙara mai. Sai ƙuraje masu ruwa suka bazu har gadon baya, fatar kumatuna ta fara ɗayewa tana barin fari-fari.

Ba ciwon na fi tsoro ba. Tsorona kada a ce a coci Rifkatu ta zo Amurka ta yi bilicin ya ƙona ta, maganar ta kai kunnen mahaifiyata. Na daina zuwa sujada a Flatbush, na daina ɗaga waya. Sai da zazzaɓi ya kayar da ni, ƙurajen suka fara wari, sannan na rufe fuska da gyale na kai kaina asibiti.

Suka kwantar da ni. Ƙarin ruwa, allurai, nas ta zo ta ɓare bandeji ina cije zanin gado. Likita ya sa aka karanta masa kwalbar, ya ce cutar ta kusa shiga jini. Ba ni da inshora, na daɗe ina biyan asibitin nan kaɗan-kaɗan.

Nas ta tambaye ni wa za a kira. Na ce babu kowa. Lokacin ziyara sai in juya fuskata bango.

Da na samu sauƙi suka ce za su gwada abin da fatata ba ta so. Suka manna mini filastoci a gadon baya, kowanne da ɗigon sinadari, suka ce in dawo a duba. Ina kife a gadon na fara dariya, dariyar ta koma kuka. Na san aikin nan sarai. Sai dai shi zomo yana da mai ɗauko shi kowace safiya ta duba bayansa. Ni ba ni da ita.

Aka sallame ni da maganin shafawa safe da yamma. Tsakiyar baya hannuna ba ya kaiwa, sai in lakata a muciya in goga. Wurin ya ƙi warkewa. Likita ya ce in ya sake ruɓewa sai na koma gado.

A ƙasan gidanmu akwai Mma Azumi, 'yar Kumasi mai shagon kayan miya. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Na sauka sayen gishiri, ta ga rigata ta manne mini a baya.

"Ei, 'yata, mene ne wannan?"

"Ba bilicin na yi ba, Mma."

"Wa ya tambaye ki bilicin? Wa ke sa miki medicine ɗin?"

Na ce muciya.

Ta rufe shagon, ta tasa ni gaba zuwa ɗakina. "Ke wawiya ce paa, wawiya sosai. Ina nan downstairs, kina jinya da abin tuƙa tuwo? Juya mini."

Tun da na baro gida, ranar ce hannun mutum ya fara taɓa ni ba da safar asibiti ba. Kullum sai ta hau, tana mitar gwiwarta, har wurin ya bushe.

Na koma aiki, na ɗauko zomo, na ga askakken bayansa, na kasa riƙe shi. Ranar na ajiye aikin, na koma kula da tsofaffi.

Don Allah, abin da ba ku iya karanta rubutunsa ba, kada ku shafa. Kada ku haɗa mayuka. Fata ta fara zafi, ku wanke ku tafi asibiti. Kuma ku gaya wa wani, ko da zai yi da ku.

Na gode wa Ubangiji, na gode wa nas-nas ɗin nan. Mma Azumi ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta.

Kumatuna da wuyana, inda na yi wa kaina magani, tabon yana nan kuna gani. Tsakiyar bayan da ta shafa kuwa, an ce mini babu ko ɗigo.