Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya na Muryar Zaharaddeen

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 13 ga watan Mayu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokina Zaharaddeen Bala, sanadiyyar hatsarin babur a hanyar Mando. Shekara uku muna ɗaki ɗaya a gidan kwanan ɗalibai. An yi masa sutura bayan la'asar a Unguwar Shanu.

Zaharaddeen, har yau ban yi maka kuka ba. Na kama makara, na zuba ƙasa, na dawo ɗaki na wanke kwanon da ka ci wake da shinkafa da safe. Mutane suna ta ce mini in yi haƙuri, ni kuwa ina amsawa kamar da wani ake.

Abin da idona ya kasa bari shi ne kayan sautinka. Ina tuna ranar da ka shigo da tsofaffin sifikun mota guda biyu daga wajen wani bakanike a Kawo, duk baƙin mai, kana murna kamar an ba ka kujerar Makka. Na ce bola ka kwaso mana. Ka sa kafinta ya yi musu akwati, ka liƙe wayoyin da dalma, ka haɗa su da ƙaramar amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, ita kuma ka jona ta da kwamfutarka ta cinya. Ka manna kiret ɗin ƙwai a bango, wai don kada sauti ya yi amsa-kuwwa. Sati guda ɗakin yana ƙarni, ina mita, kana dariya.

Sannan ka kwance igiyar shanyarmu ka yi awo. Ka ce dole tazarar da ke tsakanin sifikun biyu ta zo daidai da tazarar kowace zuwa kunnen mai saurare. Da ka gama, wurin da sauti ya fi daɗi ya faɗo a kan katifata. Na ce mu yi musanya, tunda wahalarka ce. Ka ce a'a, kai ka riga ka san yadda yake, ni ne ban taɓa ji ba. Haka ka shekara biyu kana saurare daga gefe. Ba ka taɓa bari kiɗa ya haɗu da kiran salla ba, kuma in ka ga na buɗe littafi, kafin in yi magana ka rage.

Ranar sadakar uku, babban wanka, Yaya Auwal, ya ja ni gefe. Ya ce, “Umar, kai ka san lambar buɗe kwamfutar nan. Don Allah kafin ka kawo ta gida, ka goge duk abin da ke cikin ma'ajiyar waƙoƙin. Kada wani ya riƙa saurare ana rubuta wa ƙanena zunubi.” Na ce to, Yaya. Ni ba malami ba ne, kuma na san ƙauna ce ta sa shi faɗa. A ranar kuma na ji mahaifiyarka, Umma, tana gaya wa wata maƙwabciya cewa wayarka ta farfashe a hatsarin, ga shi kai ba mai aika saƙon murya ba ne. Ta ce ko muryarka ba a bar mata ba.

Washegari da rana na zauna na fara gogewa. Waƙoƙi sun fi dubu huɗu, kowace ka jera ta a inda ta dace. Na yi ta dannawa suna tafiya, ban ji komai ba. A can ƙarshe na tarar da wani abu guda da ka sa wa suna “gwaji”, tsawonsa daƙiƙa goma sha ɗaya. Saura kaɗan in haɗa da shi. Na buɗe, sai na ji kai ne, ranar da ka gama haɗin, kana gwada ko ka juya wayoyin.

Yaya ya ce duka, ni kuma na amsa da to. Na daɗe yatsana yana kan madannin. Daga baya na rufe kwamfutar, na kwance sifikun, na naɗe igiyar shanyar, na hau Keke Napep zuwa Unguwar Shanu. A zaure na gaya wa Yaya Auwal cewa na cika umarninsa sai abu ɗaya, in ya ji ya ce a goge, zan goge a gabansa. Ya saurara. Sai ya ɗauki sifika ɗaya ya yi gaba zuwa ɗakin Umma.

Na haɗa komai yadda ka koya mini, jar waya a jan gurbi. Na yi awo da igiyar, na ce, “Umma, a nan za ki zauna.” Ta gyara mayafinta ta zauna. Na danna.

“Hagu, hagu,” in ji ka, ta waiwaya hagu. “Dama, dama,” ta waiwaya dama. Sannan muryarka ta tsaya a tsakiyar ɗakin: “Umar, ka bar cin gyaɗar nan ka gaya mini. Ana ji?”

Umma ta ce, “Ana ji, Auta.”

Yaya Auwal ya fita tsakar gida. Ni na tsaya riƙe da igiyar, har ta ce in sake sakawa. Can na bar kayan, ɗakinmu yanzu sai kiret ɗin ƙwai a bango.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Umma, da Yaya Auwal, da yayarka Mardiyya, da duk abokan karatunmu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙanka, Zaharaddeen, Ya yafe maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ranar da za a raba wa kowa littafinsa, Allah Ya miƙa maka naka ta hannun dama. Amin.