Tulunan Goggo da raket ɗin Baban Hawwa

Me dattijo mai furfura ya tsare wa yaran nan, da har suka sa masa wasa da tsakar rana a watan bazara? Na sa jikata ta rubuta, ko wani zai ba ni amsa.

Ni na san farkon tanis ɗin mijina, Baban Hawwa. Daminar da na fara ɗaukar tulu, lokacin ana ce wa garin nan Fort-Lamy, ya shigo gidanmu na unguwar Gardole da wata ƙwallo da gashinta ya ƙare, ya tsinto ta a bayan shingen Nasara. Ɗan yayan babana ne, gida ɗaya muka tashi. Igiyar shanya ce ragarmu, murfin akwati raket. Goggo, mahaifiyarsa, tana saro tuluna daga ƙauyen Gawi ta jera su jikin katanga, kullum gargaɗinta ɗaya: "Wanda ya fasa min tulu, a bakin cinyarsa." Dole ya koyi bugu a hankali, ya shafi ƙwallo ta sauka inda ya ga dama ta kwanta. Ni kuwa na bar daka ina tsaron tuluna, na sha rankwashi.

Da wannan hannun ya yi wasa har tsufa. Sai ga samari masu bugu kamar harbin bindiga, suna ce masa shayib, wato tsoho, wai ya cinye musu filin safe da wasan mata. Suka yanke: ya kara da gwaninsu, in ya faɗi ya bar filin. Na ce kada ya je. Ya ɗaura farin wandonsa, na bi shi da butar ruwa.

Yaron ba fili yake nema ba, ƙirjin mijina yake auna, abokansa na tafi. Baban Hawwa yana haki yana ɗiga masa ƙwallo a gindin raga, yaro na zuwa da gudu yana cin ƙasa. Ba a ƙarasa ba mijina ya durƙusa. Da ya cika, samarin suka zo ta'aziyya wai ubansu ne. Uba ake shanyawa a rana?

Mu da muna yara, ko tulun laka mun san a tausaya masa.

Ran nan a mota, kan hanyar asibiti, kansa a cinyata, ya buɗe ido ya ce, "Azumi, kin dai gani, ko ɗaya ban fasa ba."