Hanyar da Ta Ci Babana

A shekarar da aka kwashi mazan garinmu zuwa aikin hanyar Dogon Dutsi, ban fi tsawon turmi ba. Gardin kwamanda, wato dogarin Baturen mulki, shi ne ya zo da mutanen hakimi bayan an gama yankan hatsi, suka tsaya ƙofar kowane gida. A namu, Baba suka nuna. Ya ɗauki butarsa da ɗan garin hura, ya bi sahu.

Mu yara ba mu san nauyin abin ba. An ce mana idan an gama hanyar, mota za ta riƙa gudu a kanta ba doki ba jaki. Yayana Gado har alfahari yake yi wai babanmu ne ke yi wa mota wurin tafiya.

Lokacin sanyi ne. Bayan tuwo mukan kewaye wutar kara a bukkar Iya, kakarmu wadda ta haifi Baba. Ran nan ta bari Gado ya gama cika bakinsa, ta tura kara cikin wuta, ta ce, "Ku matso, ɗiyana, ga wata ta taho." Muka ce ta zo mu ji ta.

Wai akwai wani gari a bayan duwatsu, turba ɗaya gare shi, duk ƙaya. Samarin garin suka gaji, suka je gindin tsamiya suka roƙi doguwar da ke ciki ta shimfiɗa musu hanya. Ta yarda, amma ta ce hanyar tana jin yunwa, kowace shekara sai an ba ta mutum. Suka amsa, don a ransu baƙi za su riƙa ba ta. Gishiri ya shigo, tufafi suka shigo, har tsofaffi suka yi ƙiba. Da baƙi suka gane, suka daina kwana a garin, hanya kuwa ta koma kan 'ya'yan gida. Farin ƙyallen da fatake ke kawowa, da shi aka riƙa yin likkafani.

Na tambaye ta me ya hana su toshe hanyar.

"Sun so," in ji ta. "Amma ciyawa ta cinye tsohuwar turba, kuma babu mai iya cin miya ba gishiri."

Innarmu ta tashi ta fita. Iya ba ta rufe tatsuniyar da kan kusu ba yadda ta saba, ta dai ce mu je mu kwanta.

Kafin saukar ruwa mazan suka fara dawowa, tsakiyar kansu ta goge don ɗaukar kwandon tsakuwa. Baba ba ya cikinsu. Suka ce gudawa ta kama shi, aka binne shi a gefen aikin, kuma babu wanda zai iya nuna wurin.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan tsinuwa ce ga zamani. Sai da na yi aure, naƙuda ta tsaya wa matata, motar kaya ta kai mu likita a Dogon Dutsi a kan hanyar nan, ta rayu. Na gode wa Allah, amma duk ramin da motar ta faɗa sai in ce a raina ko a nan Baba yake kwance. Yau jikokina na gardamar ko duniya gaba take yi ko baya, ni kuwa nakan yi shiru, don na ci amfanin abin da ya maishe ni maraya.

Ita ma Iya ba ta taɓa yabon zamanin da ba. Mahara sun ɗauke ƙanwarta a bakin rijiya kafin zuwan Nasara. Da na zama saurayi na tambaye ta wane zamani ya fi. Sai ta ce:

"Da, bisa doki aka ɗaukar mutum. Yanzu da ƙahwatai shi ka tahiya. Ni dai ba a maido min ko guda ba."