Itacen da ke cikin mashin Lorna Kangas

Lorna Kangas 'yar mahaƙin jan ƙarfe ce, a wani ƙauye da ke bakin babban tafki a arewacin jihar Michigan ta Amurka. Ita ma shekara ashirin da biyu ta yi a ɗakin gwaje-gwajen kamfanin haƙar, tana tantance dutse. Da aka rufe ramin haƙar, ƙawayenta duk suka yi kudu. Ita kuwa ta ƙi tafiya, ta karɓi aikin kula da ɗan gidan tarihin garin, wanda a da ofishin gidan waya ne.

A can ta tarar da kwalayen sigari cike da wuƙaƙe da ƙugiyoyi da kawunan mashi na jan ƙarfe, duk sun yi kore shar. Manoma ne suka riƙa tono su da garma. Ba a rubuta komai a kansu ba sai "kayan mutanen da". Wannan rubutu ya daɗe yana ci mata rai. Mutanen yaushe?

Ƙarfe ba ya faɗin shekarunsa, ta san da haka. Amma wata rana ta haska cikin ramin wani kan mashi, ta hango guntun itacen ƙotarsa, bai kai farce ba, koren tsatsa ya tsare shi bai ruɓe ba. Itace kuwa ana iya auna shekarunsa. Shekara huɗu ta yi tana aika wasiƙu zuwa jami'o'i. Ta yi ta zarya wajen dattawan ƙabilar Ojibwe, 'yan asalin yankin, tun da kayan kakanninsu ne, har wata dattijuwa, Delores Wabanimkee, ta amince a ɗebi ɗan kaɗan daga itacen. Daga ƙarshe wata masaniya ta ce za ta zo da na'urarta a watan Yuni.

A watan Mayu aka yi wa Lorna aikin gwiwa. Ta bar mabuɗi a hannun Duane Pelkey, shugaban kwamitin gidan, tsohon mai sayar da motoci, mutum mai kirki da karambani.

Ranar da ta dawo tana dogara sanda, warin lemon tsami ne ya fara tarbarta. Kayan suna jere kan farin ƙyalle, suna ƙyalli kamar sabbin tukwane. Duane na tsaye a gefe yana washe baki. Ya ce baƙuwa za ta zo, bai kamata ta ga ƙazanta ba, kwana tara ya yi yana dirza da lemo da gishiri. Lorna ta matsa kusa da kayan. Ta ɗauki mashin ta leƙa ciki. Wayam.

"Duane, ina abin da ke cikin nan?"

"Wannan dattin? Ai ya ba ni wahala. Sai da na sa sukudireba."

"Shekara dubu nawa yana zaune lafiya, ƙasa ba ta ci shi ba, sanyi bai ci shi ba, sai da ya gamu da kai."

Ta fita bayan gida ta kifar da kwandon shara, tana tonawa da sandarta. An riga an kwashe tun ranar Talata.

Masaniyar ta zo kamar yadda ta yi alkawari. Ta ɗora na'urar kan kowane ƙarfe, ta ce jan ƙarfe ne tsantsa mai ɗigon azurfa, irin na wannan ƙasa, kuma bugunsa aka yi da dutse, ba narkawa ba. Duk Lorna ta san wannan tun tana budurwa. Zancen shekaru kuwa, matar ta ɗaga kafaɗa kawai.

Abin da ya fi yi mata nauyi shi ne zuwa gidan Delores. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, ta zuba mata shayi, ta ce idan haka ake riƙon kayan, gara a mayar wa mutanenta. Lorna ta amince. Ita da kanta ta cika takardun mayarwar, wata bakwai ana kai da kawo, kwamiti na tsine mata a bayan ido.

Duane bai sauka daga kujerarsa ba. Duk Juma'a yakan kawo mata burodi mai nama da dankali, ya ajiye a bakin tebur ya fice sum-sum. Takan cinye tas, amma har yau "ina kwana" kaɗai ke haɗa su.