Kwanon Farko Na Kaka

Ina dirowa daga bayan wanit ɗin, motar a-kori-kura, aka kira azahar, ni kuwa ko fulawa ban jiƙa ba. Na kwasa da gudu ta lungunan Ruwais, unguwarmu a Jidda, takalmi ɗaya a hannu don maɗaurinsa ya tsinke, gumi yana shiga min ido. Tun da safe na sulale zuwa Madinar Masana'antu gwajin tuƙin babbar mota, a tunanina kafin hantsi na dawo. Mutumin da zai gwada mu bai fito ba sai da rana ta take.

Na faɗa kicin ta ƙofar baya. Baba yana tsaye gaban tukunyar miya, ludayi a hannu, bai ma juyo ba.

"Daga ina?"

"Yanzu zan kwaɓa, Baba, yanzun nan. Kaka bai nemi kwanonsa ba tukuna ko?"

"Gwaggonka ta kai masa."

Na kalli tukunyar da ke tafasa, na kalli kwalin makarona da ke yashe a ƙasa. Gwaggo ƙanwar Baba ce, daga unguwar Karantina ta zo taya mu aiki a makon, kuma ba wanda ya tuna ya gaya mata komai. Ta ga lokaci ya yi, ta zuba daga tukunyar kowa ta hau da shi sama, Baba yana waje yana karɓar tumatir.

Gidan abincin nan Kaka ne ya kafa shi. Da ƙafa ya baro ƙasar Hausa zai zo hajji, guzuri ya ƙare masa a garin Musawwa, can tsallaken teku, ya yi shekara da shekaru yana wa wata tsohuwa 'yar Italiya aikin kicin. Ita ta koya masa murza taliya, da dukan cokali a bayan hannu. Da ya tsallako teku ba abin da ya zo da shi sai tasbaha da sandar murjin da ta ba shi. Ya fara da tebur ɗaya, Italiyawa masu aikin gine-gine da na jirgin ruwa suka ji labari, suna zuwa suna ci suna sumbatar yatsunsu. Daga shi Baba ya karɓa. Dokar gidan kuma ɗaya ce tun farko: kwanon farko na babba ne. Ba a zuba wa kowa sai ya ɗanɗana ya ce yalla, wato a zuba.

Idon Kaka ya tafi, ya koma ɗakin sama, amma dokar ba ta tafi ba. Sai kuma garin ya cika da ma'aikata, layi har bakin titi, hannun mutum biyu ba zai iya murza wa wannan jama'a ba. Baba ya fara sayo makarona ta kwali daga tashar jirgin ruwa. Ba wanda ya yi ƙorafi, Italiyawan ma yawanci sun tafi. Amma ya kasa gaya wa ubansa.

Ni a lokacin na bar makaranta, na gwada gyaran keke na bari, na gwada dako na bari. Baba ya kama kunnena ya ce tunda ba ni da aikin yi, kullum zan murza kwano ɗaya da hannu, na Kaka kaɗai, in kai masa a ce daga tukunya ne. Wallahi na tsani aikin. Fulawa, ƙwai, gishiri, ka yi ta dannawa da gindin tafi har kafaɗa ta ƙage, ga damshin Jidda da ke sa kwaɓin ya yi ta manne wa katako. Abokaina suna bakin teku, ni ina nan fari fat kamar fatalwa.

Kuma ba ranar da tsohon nan bai kushe ba.

"Kai, ɗan banza, zo nan. Gaya wa ubanka yau taliya ya yi ko igiyar ɗaure raƙumi?"

"In ba ka so kawo in cinye, tsoho. Haƙora nawa suka rage maka ma?"

"Sun isa in cije ka."

Sai ya laluba ya kamo hannuna, ya ɗora yatsuna a kan fatar kunnena ta ƙasa, ya matsa. "Ka ji wannan laushin? Ka ce masa haka kwaɓi yake zama kafin a bar shi ya huta. Ya rufe shi da ƙyalle mai ɗan damshi. Kuma ranar da iskar teku ta yi nauyi ya rage ruwa, shi ba ya jin iska ne a jikinsa?" Kullum ka ce masa, ka gaya masa. Ni ina dariya a ciki, ina cewa tsoho bai san da wa yake ba. Washegari kuma sai in rage ruwan, don kawai in ga ko zai rasa abin faɗa. Bai taɓa rasawa ba.

To ranar nan na hau matakala bibbiyu, Baba yana bayana. Kaka yana zaune a kan tabarmarsa jikin taga, kwanon a gabansa, cokali mai yatsu a ajiye a gefe. Loma ɗaya ya yi. Gwaggo tana masa fifita tana cewa, "Ci mana, Baba, ko ta yi zafi ne?"

Baba ya durƙusa a bakin ƙofa. Mutum mai furfura a gemu, amma muryarsa ta koma ta yaro.

"Baba, yau ne kawai aka samu..."

"Miyar ta yi," in ji Kaka. "Tafarnuwa ta ɗan yi yawa. Sauka ka sallami mutane, suna jira. Yalla."

Baba ya daɗe a durƙushe, sannan ya tashi. Gwaggo ta kalle ni, ta kalli kwanon, ta bi shi. Na juya zan bi su.

"Kai tsaya. Warin dizal kake yi."

Na zauna.

"Sun ɗauke ka?"

"Sun ɗauke ni. Siminti za mu riƙa kaiwa Yanbu."

Ya gyaɗa kai. Ya sa tafin hannunsa a ƙasan ɗakin, ya bar shi a wurin.

"Da, in ana kwaɓi a ƙasa, nan wurin har rawa yake. Tun asuba nake jin sa a ƙashin bayana. Rana ɗaya ya yi shiru. Sai can da hantsi in ji wani ɗan tim, tim, na malalaci, mai yi yana tsaki. Ni makaho ne, ya waladi, yarona, ba kurma ba."

"To me ya sa ba ka yi magana ba?"

"In ce me? In na yi magana ubanka zai ji kunya, ya ce halas, ya isa, a daina wahalar da yaro. Kai kuma ba ka zama wuri ɗaya. Da na ce zo in koya maka, da ka zo?"

Na kalli kwanon da ke gabansa.

"Yanzu ya san na sani." Ya ture kwanon gefe a hankali. "Saura kaɗan fa hannunka ya faɗa. Saura kaɗan."

Daga ranar Baba bai ƙara ce min in murza ba, kuma ya daina hawa sama sai in gaisuwa ta kama dole, ya gaida shi daga bakin ƙofa ya sauko. Ni da kaina na ci gaba da murzawa a kwanakin da suka rage min kafin tafiya. Ina kai masa, ya ci, ya ce, "Ta yi kyau, Allah ya yi albarka." Shi ke nan. Ba igiyar raƙumi, ba "ka ce masa". Har gishiri na zabga da gangan wata rana. Ya cinye, ya ce ta yi kyau. Na sauko na tsaya a bayan gida ina kallon bango.

Ranar da zan tafi na ce masa zan riƙa zuwa duk Juma'a. Ya shafa kaina ya ce in riƙa duba taya kafin in hau hanya. Sandar murjin tana rataye a ƙusarta a kicin, na wuce ta na fita.

Juma'o'in ba su samu ba. Aikin ba ya tsayawa, ka sauke ka juyo a sake loda maka, ni kuma gaskiya hanya ta yi min daɗi. Sai da motata ta lalace a Rabig, a hanyar Yanbu, muka zauna jiran kayan gyara, zaman ya ishe ni. Akwai fulawa a wurin mai shayi, akwai ƙwai. Na wanke ƙofar bayan motar, na samo kwalbar lemo, na kwaɓa na murza. Direbobi suka kewaye ni suna dariya, wani yana cewa Takaruni, sunan da suke kiran irinmu 'yan asalin ƙasar Hausa, ya zama Baturen Italiya. Suka cinye tas har suna lashe kwano. Amma ni na san ba ta yi ba. Tana yagewa a tsakiya in na ja ta, kuma na rasa dalili.

Akwai wani direba, Bahaushen Sudan, da zai juya Jidda a ranar. Na kwatanta masa gidan, na sa ya maimaita saƙon har ya zauna masa. Ban san cewa shekaranjiya aka kai Kaka makwancinsa ba. Daga baya direban ya ba ni labari, ya tarar da mutane zaune a kan tabarmi a ƙofar gidan abincin, an rufe tukwane. Ya rasa yadda zai yi, amanar saƙo ce, sai ya durƙusa gaban Baba ya faɗa masa kamar yadda na faɗa. Ya ce Baba ya saurara har ƙarshe, ya tashi ya shiga kicin ya ja ƙofa.

Ga abin da na aika:

"Ka hau sama, ka ce wa tsohon in ji ɗan banzan nan. Na murza a Rabig da kwalba. Na taɓa kunnena, laushin ya yi daidai, na rufe da ƙyalle, na bar shi ya huta. Amma tana yagewa a tsakiya. Iskar nan busasshiya ce, ba irin tamu ba, ko ruwan zan ƙara? Ya faɗa maka ka riƙe min da kyau, kada ka rage zagin. Kuma ka ce kada ya bari a taɓa sandar, ina nan zuwa Juma'a."