Malam Ishaya Mai Faci, Makahon da Ke Jin Ciwon Babur

Watan nan da muke ciki ya cika shekara goma sha biyu da rasuwar mahaifina, Malam Ishaya mai faci. Waɗanda suka zauna Zangon Wagadugu a wancan lokaci ba sa bukatar dogon bayani. Shi ne dattijon nan makaho da ke zama gindin dogon yaro a bakin hanya, daf da rumfar Alhaji Garba mai goro, tayoyi rataye a reshe, kwanon ruwa a gabansa, yana shafa ƙarfe yana waƙar majami'a. Na daɗe ina son in yi rubutu a kansa, kullum sai in ce ni ungozoma ce, karɓar haihuwa na iya, ba alƙalami ba. Bana dai na ga jikokinsa sun fara zaton kakansu abin tausayi ne. Wannan kuskure ne da bai kamata in bari ya girma tare da su ba.

Daga wajen Dogonduci ta Nijar ya zo yana saurayi, a bayan kamiyo mai ɗauke da albasa. Motar ta lalace a Wagadugu, aka yi wata biyu ana jiran kayan gyara. Shi kuwa ya duba gari, ya ga mace da namiji, tsoho da yaro, kowa a kan keke ko mobilet, ƙaramin babur ɗin nan, ya ce to, nan abincinsa yake. Da ya zauna da gindinsa ya koma gida ya ɗauko mahaifiyarmu, Inna Ladi. A layinmu mu kaɗai ne Kirista a tsakiyar jikokin fataken goro da na tufafi. Ban taɓa jin hakan ya zame mana nauyi ba. Ranar Layya nama ya ishe mu har Inna ta soya ta ajiye, ranar Nowel kuma, wato Kirsimeti, shinkafarta sai ta zaga gida bakwai.

Ina ajin ƙarshe na kolej idonsa ya fara tafiya. Da fari in ƙusa ta faɗi sai ya yi ta laluben ƙasa, muna dariya. Daga baya ya fara karo da ƙofa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye jijiyar, an zo a makare. Kafin damina ta fita Baba ba ya bambance rana da inuwa. Mu uku ne 'ya'ya, ni ce babba, kuma duk abin da ke shiga tukunya daga gindin bishiyar nan yake fitowa, in ban da ɗan ƙosan da Inna ke soyawa da safe.

Ƙanensa, Baffa Dauda, ya taso takanas daga ƙauye. Mutumin kirki ne, da alheri ya zo. Ya ce, "Yaya, ku tattara mu koma gida. Akwai rumbu, akwai dangi. Birni ba wurin makaho ba ne." Ina bayan ɗaki ina ji. Na san in muka tafi karatuna ya ƙare ke nan, ga jarrabawa saura wata bakwai. Wani kuma daga cikin masu zuwa gaisuwa ya ba da tasa shawarar, wai a samo wa Baba sanda da ƙoƙo ya zauna wajen fitilar hanya, mutanen Wagadugu akwai sadaka.

Baba ya saurari kowa har ya gama. Sannan ya ce, "Dauda, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ido biyu Ubangiji ya karɓa. Kunne biyu yana nan, yatsu goma suna nan. In na ajiye su na miƙa hannu, me zan ce masa in ya tambaye ni? Gobe zan fita aiki." Alhaji Garba yana zaune a wurin. Ya tuntsire da dariya ya ce, "Dauda, koma gonarka. In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse ne."

Gaskiyar magana, dutsen bai bayyana da wuri ba. Inna ta ajiye kaskon ƙosai ta bi shi gindin bishiya, ta zama idonsa. Amma wa zai ba makaho da matarsa baburinsa? Masu kawo aiki a da sai su gaishe shi daga nesa su wuce. Aka yi mako uku ba abin kirki, sai ɗan faci ɗaya ko biyu a yini. Muka koma cin benga, wake da shinkafar nan, babu ko ɗigon mai, wata rana kunu kawai. Duk da haka in aka ajiye kwano Baba sai ya yi addu'ar godiya mai tsawo kamar an yanka rago, har ƙannena su riƙa leƙen kwanon da ido ɗaya. Wata rana na kasa daurewa, na ce, "Baba, gobe fa? Garin ya ƙare." Ya ce, "Rifkatu, abincin yau aka koya mana mu roƙa, ba na shekara ba. Yau kin ci ko ba ki ci ba?" Na ce na ci. Ya ce, "To, tashi ki ɗauki littafinki. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci." A lokacin haushi na ji. Yarinya mai jin yunwa ba ta son karin magana.

Sai ga Tanti Awa. Bamoshiya ce mai sarin kabeji da salati daga lambunan bakin baraji, madatsar ruwan gari, tana kaiwa kasuwar Gungin. Ta zo tana tura mobilet ɗinta, kwanduna a baya, gumi ya jiƙe ta, ganye ya fara yaushi. Ta riga ta kai ta wajen masu gyara uku a makon, kowa ya kwance ya mayar, ciwo yana nan. Ba don Baba ta tsaya ba, inuwa ta gani. Ya ji numfashinta ya ce ta tayar da injin ya ji. Ta taka, ya yi tari biyu ya mutu. Ya ce ta sake. Ya karkata kai kamar mai sauraren gulma, sannan ya ce mata da Moshanci, "Ba buji mai ba injin wuta ba ne, 'yar'uwa, an sa ki sayen buji a banza. Iska yake sha ta inda bai kamata ba." Ya bi bututun da yatsa har ya tsaya a wata 'yar tsaga da Inna ma sai da ta sunkuya ta gan ta. Kafin Tanti Awa ta shanye kofin zomkom, ruwan garin geron nan, injin yana kuka lafiya lau.

Wanda bai san bakin matan kasuwa ba bai san rediyo ba. Cikin wata guda sai ga su layi-layi, daga Gungin, daga Sisin, kowace da tsohuwar mobilet da kwando. Sukan biya aikinsu, sannan su sauke tumatir ko kabeji su ce na yara ne. Miyar gidanmu ba ta taɓa yin kyau irin na shekarun nan ba. Rabin masu tsayawa kuma kallon Baba da Inna suke zuwa yi. Sai ya miƙa hannu ya ce, "Ladi, kile dis." Sifana mai lamba goma ke nan. Ta ɗora masa ƙarfe a tafi, ya juya shi sau ɗaya ya ce, "Wannan duz ce, sha biyu. Wai ni da ke wa ya makance?" Ita kuma ta ce, "Malam, ka yi a hankali, in na yi fushi na tafi ko takalminka ba za ka samu ba." Na ci jarrabawata a shekarar. Ran da aka faɗa masa sai da ya tashi ya taka rawa da famfon taya a hannu.

Kada a ce ina ba da labarin wanda ya yi arziki. Har ya bar duniya gidan haya muke, ɗakin da in aka yi ruwa sai an jera kwanoni. Idon kuma bai dawo ba, ko da yake an yi addu'a ba iyaka, shi ma ya yi. Wani baƙon mai wa'azi ya taɓa ce masa ƙarancin bangaskiya ne ya hana shi gani. Baba bai yi fushi ba. Ya ce, "Fasto, na roƙa, kuma ya ji ni. Amsar da ya ba ni ga ta nan zaune tana wanke taya." Ya nuna inda yake jin motsin Inna.

Nakan tambayi kaina me zai ce da Wagadugun yau. Mobilet irin ta Tanti Awa ta kusa ɓacewa, sai sababbin babura masu sheƙi, har da waɗanda ba su da ƙara ko kaɗan. Ina jin da waɗannan zai yi rigima, ya ce injin da ba ya magana munafuki ne. Zai sha mamakin gadojin sama, zai kuma yi wa ɗana dariya, wanda in wuta ta ɗauke wayar salula ta mutu sai ya ce rayuwa ta yi wuya, rabi da Hausa rabi da Faransanci. Amma akwai abin da ba zai yi wa dariya ba. A inda nake aiki ina karɓar haihuwar matan da rashin zaman lafiya ya koro daga garuruwansu, wata da zane ɗaya ta iso. Na san Baba ba zai ce musu su yi haƙuri hannu rabbana ba. Shi a wajensa dogara ga Allah ba ta hana ka tashi, kuma sau da yawa kai ne abin da Allah zai aika wa wani. Abin da zai yi shi ne ya ce wa Inna ta ƙara gari a tukunya.

Da zafin bazara ya rasu, bayan jinyar kwana shida. Ranar jana'iza baburan matan kasuwa sun toshe ƙofar majami'a. Alhaji Garba, wanda bai taɓa taka irin wurin ba, ya shiga ya zauna a bencin gaba da carbinsa har aka tashi. Shi ma yanzu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa.

In aka auna abin da Baba ya bari, akwatin ƙarafa ne da hoto ɗaya na katin shaida. Sauran gadon ba ya shiga akwati. Mu uku duk mun tashi ba mu iya hassada ba, ba mu iya raina abin da ke gabanmu ba, kuma na daɗe ina ɗauka don shi Allah ya halicce shi ba tsoro ne.

Lahadin da ta wuce, bayan sujada, ina yi wa Inna tsifa a gidana na Wemtenga, na ce, "Inna, wai shi Baba bai taɓa jin tsoro ba?" Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Wa? Malam? Ya fi kowa tsoro. Kullum da safe sai ya ce mini, Ladi, yau kam ban san yadda za a yi ba. Sai mu durƙusa mu faɗa wa Ubangiji, ya wanke fuska, ya ce in kama hannunsa mu fita." Ta gyara zama ta ce, "Tsoro kam kullum yana sallama a ƙofarmu, Rifkatu. Tabarma ce dai ubanki bai taɓa shimfiɗa masa ba."